Sojan lema mai igwa a Yaƙin Duniya na Biyu: tambayoyi da amsoshi kan Janar McAuliffe da yaransa

In ana hirar sojojin lema na Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu, abin da ke fara zuwa ran mutane shi ne saurayi ya diro daga jirgi da bindiga a ƙirji, ƙafarsa na taɓa ƙasa ya hau harbi. To akwai wasu da suka diro tare da su amma ba a cika maganarsu ba, su ne 'yan igwa, masu atilare kenan. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansu. Na ɗauki Anthony McAuliffe tunda shi ya fi suna a cikinsu, amma gaskiya rabin labarin na ƙananan sojojin da ke ƙarƙashinsa ne, masu jan ƙarfe a cikin laka.

Wai ma ta yaya za a diro da igwa daga jirgin sama? Ba ta yi nauyi ba?

Ta yi nauyi mana, shi ya sa ba a jefo ta a haɗe. Igwar da suke amfani da ita ƙarama ce, faɗin bakinta milimita 75, nauyinta in an haɗa ta kusan kilo 650. Asali ma ba don jirgi aka ƙera ta ba, don yaƙin duwatsu aka yi ta, a kwakkwance ta a ɗora wa alfadarai guda shida su hau tudu da ita. Da aka ƙirƙiro rundunar lema sai aka ga ai abin da alfadari zai ɗauka lema ma za ta iya, sai aka sa mata tayoyin roba aka raba ta ɗauri tara. Bututun daban, gindin daban, tayoyi daban, akwatin harsashi daban, kowane ɗauri da lemarsa. Wasu ana rataye su a ƙarƙashin cikin jirgin C-47, sauran kuma sojoji su tunkuɗa su ta ƙofa sannan su bi bayansu.

Matsalar kenan. Ɗauri tara ne, in ka samu takwas ka rasa ɗaya to ba ka da igwa, tarin ƙarfe kawai kake da shi. Ka ƙaddara tsakar dare ne, a gonar da ba ka taɓa gani ba, ana harbi ta ko'ina, kai kuma kana rarrafe kana lalube cikin ciyawa kana neman makullin bayan bututu, kuma in kun haɗa ta ɗin babu mota babu alfadari, igiya za ku ɗaura ku ja da ƙirji har inda aka ce a kafa ta. Harsashi ɗaya ya haura kilo shida, tana iya cilla shi kusan kilomita 9, kuma duk harsashin da za a harba sai wani ya ɗauko shi a kafaɗa.

Shi McAuliffe ɗin wane ne?

An haife shi a birnin Washington ranar 2 ga Yuli 1898. Ya gama makarantar hafsoshi ta West Point a watan Nuwamba 1918, daidai lokacin da Yaƙin Duniya na Ɗaya ke ƙarewa, saboda haka bai samu wancan yaƙin ba. Ya shiga ɓangaren atilare ya yi shekaru ashirin da ɗoriya yana hawa a hankali, don a tsakanin yaƙe-yaƙen biyu ƙarin girma a sojan Amurka tafiyar hawainiya yake yi. A 1942 aka ba shi birgediya janar aka ɗora shi kan dukkan igwogin Runduna ta 101 ta sojan sama, wadda ke da tambarin kan gaggafa a kafaɗa. Ya diro da lema a Normandy da ke Faransa yana da shekara 45, a cikin yaran da yawancinsu ya haife su.

Bataliya nawa yake da su, kuma mutum nawa ke kan igwa ɗaya?

A Runduna ta 101 akwai bataliya ta 377 ta masu dira da lema, sai ta 321 da ta 907 masu sauka da jirgi marar inji. Ita Runduna ta 82, ita ma ta sojan sama, tana da ta 376 da ta 456 na lema, da ta 319 da ta 320 na marar inji. Bataliyar lema igwa 12 gare ta, an raba su hurhuɗu.

A kan kowace igwa akwai saja wanda shi ne mai ita, akwai kofur mai saiti, sai masu ɗura harsashi da masu shirya albarushi. Amma abin da mutane ba su cika ganewa ba shi ne waɗannan duk ba sa ganin abin da suke harbi. Akwai wani ƙaramin hafsa da ke can gaba tare da sojan ƙasa, da tabarau mai hangen nesa da taswira da mai ɗaukar masa rediyo, shi zai hango maƙiyi ya kira baya ya faɗi inda suke. Wasu a tanti ko a ɗakin ƙasa su buga lissafi a kan taswira, su aiko wa kofur lambobi, ya juya ya ɗaga baki, a harba ɗaya. Na gaba ya ce ta wuce, a rage, ko ta gaza, a ƙara, har ta faɗa daidai sannan a saki duka. In rediyo ta mutu sai waya, kuma akwai waɗanda aikinsu kenan, su bi waya da hannu cikin dare suna neman inda bom ya tsinke ta su ɗaure. A ganina babu wanda ya kai waɗannan biyun shiga haɗari, mai hange da mai gyaran waya.

Tilasta su aka yi ko su suka kawo kansu?

Masu lema duk 'yan sa kai ne. Sai ka yi dira biyar a Fort Benning da ke jihar Jojiya kafin a maƙala maka fukafukan azurfa a ƙirji. Akwai kuɗi a ciki, ƙaramin soja dala 50 ake ƙara masa a wata, hafsa dala 100, a lokacin da albashin farabiti shi kansa dala 50 ne, ka ga an ninka masa kenan. Su kuwa 'yan jirgi marar inji ba a tambaye su ba, tura su kawai aka yi, kuma da farko ko sisi ba a ƙara musu ba sai a tsakiyar 1944 aka gyara. Sun daɗe suna ƙorafi, kuma suna da gaskiya.

Menene shi jirgi marar inji ɗin?

Sunansa Waco CG-4A. Ƙarfen bututu ne da katako aka lulluɓe da yadi, jirgin C-47 ya ja shi da igiya, in an zo wurin sai a sake shi ya sauko da kansa, kuma sau ɗaya ne, babu zancen a sake zagayowa. Yana ɗaukar soja 13, ko jif ɗaya, ko igwa ɗaya a haɗe. Amfaninsa kenan, igwa ta sauka a shirye ba sai an bi gona ana tsintar ta ba. Illarsa kuma in ya daki bishiya ko shinge, kayan da ke bayanka na iya tsinke ɗauri su taho kanka. Mataimakin kwamandan Runduna ta 101, Birgediya Janar Don Pratt, a cikin irin wannan jirgin ya mutu a Normandy da asubar 6 ga Yuni 1944.

Dabarar ta yi aiki kuwa? Sun samu igwoginsu in sun sauka?

Da farko dai abin ba daɗin ji. A tsibirin Sisili, daren 9 ga Yuli 1943, iska ta tarwatsa jiragen da suka ɗauko bataliya ta 456, mutane suka zube nesa da juna. Duk da haka 'yan igwogin da aka iya haɗawa sun yi rana a tudun Biazza inda Kanar James Gavin ya tare Jamusawa masu tankokin Tiger, aka jawo igwar alfadari aka saita ta kai tsaye a kan tanka. Daren 11 ga wata kuma abin takaici ya faru, jirage 144 suka taho da ƙarin sojoji, har da 'yan bataliya ta 376, sai jiragen ruwa da sojojin ƙasa na Amurka suka zaci Jamusawa ne suka buɗe musu wuta, jirgi 23 suka kakkaɓo na 'yan uwansu.

A Normandy ma haka. Gajimare da harbin Jamusawa suka sa matuƙa suka watse, bataliya ta 377 ta rasa igwa 11 cikin 12. Mutanen da suka yi wata da watanni suna koyon saiti da lissafi suka wayi gari babu abin saitawa, kowa ya ɗauki ƙaramar bindigarsa ya bi duk ayarin da ya tsinta ya zama sojan ƙasa, sai daga baya aka kawo musu wasu igwogin ta teku. A Holan ne, ranar 17 ga Satumba 1944, abin ya zauna, saboda da rana tsaka aka yi dirar, kowa na ganin inda lemar kaya ta faɗi, bataliya ta 376 ta haɗa yawancin igwoginta ta fara harbi tun a ranar. Darasin bai wuce wannan ba, dirar dare da igwa a kwance ba sa shiri. Shi McAuliffe a Holan da marar inji ya sauka.

To ya aka yi mai igwa ya zama shi ke riƙe da runduna gaba ɗaya a Bastogne?

Ƙaddara ce kawai. Bayan Holan an mayar da su Mourmelon a Faransa su huta, kwamandan rundunar Manjo Janar Maxwell Taylor (shi ma fa asalinsa mai igwa ne, shi ya riƙe atilaren Runduna ta 82 kafin nan) an kira shi Amurka, mataimakinsa yana Ingila. Ranar 16 ga Disamba 1944 Hitler ya ɓarke da harin ba-zata ta dajin Ardennes, McAuliffe ne babba a gida, aka ce ya kwashi mutane ya tafi. Abin dariya, sojan sama amma a manyan motoci buɗaɗɗu aka loda su, suka kwana suna tafiya cikin sanyi, da yawansu babu rigar sanyi ta kirki, wasu ma harsashinsu bai cika ba. Suka isa Bastogne a Beljiyam ranar 18 zuwa 19 ga wata. Garin ƙarami ne amma manyan hanyoyi bakwai suka haɗu a cikinsa, kuma a wannan daji da tsaunuka tanka ba ta da zaɓi sai titi. Zuwa 21 ga wata Jamusawa sun yi musu zobe.

Nan ne zaman mai igwa a kan kujera ya yi amfani. Ya tara igwogin a tsakiyar zoben ta yadda kowace za ta iya juyawa ta harba gabas ko yamma ko kudu ko arewa. Jamusawa kuma suka riƙa kawo hari ta gefe ɗaya a lokaci ɗaya maimakon su taso ta ko'ina, to duk inda suka ɓullo sai a juya bakunan duka a zuba musu a wuri guda. Ba 'yan lema kaɗai ke ciki ba, akwai wani ɓangare na Runduna ta 10 ta tankoki, da bataliya ta 705 ta masu farautar tanka, da wasu bataliyoyin manyan igwogi da suka ja da baya suka maƙale a garin.

Gaskiya ne an ce ya miƙa wuya ya ba su amsa da kalma ɗaya?

Gaskiya ne. Ranar 22 ga Disamba Jamusawa huɗu suka zo da farar tuta ɗauke da takarda daga Janar Heinrich von Lüttwitz, cewa an ba su awa biyu su sallama ko a shafe garin. McAuliffe ya ce "Nuts", kalmar raini ce irin ta Amurkawa. Da aka zauna rubuta amsa ya rasa abin da zai ce, sai Laftanar Kanar Harry Kinnard ya ce ai abin da ka fara faɗa ya wadatar, aka buga ta haka a takarda. Kanar Joseph Harper ya kai musu, da suka ce ba su gane ba ya ce musu ma'anarta ku tafi wuta.

Labarin na da daɗi, amma ni abin da ya fi ba ni mamaki shi ne halin da igwoginsa ke ciki lokacin da ya faɗi haka. Harsashi ya kusa ƙarewa, an ƙayyade wa kowace igwa kamar goma a yini. Mai hange zai kira ya ce ga Jamusawa nan a fili suna tafiya a kan titi, a ce masa a'a, ba za a harba ba sai sun taso maka gadan-gadan. Asibitin rundunar ma an kame shi tun daren 19 ga wata, yawancin likitoci da kayan aiki sun tafi, masu rauni na kwance a ƙasan coci da gareji. Hazo ya rufe sama babu jirgin da ke iya tashi. Washegarin wannan amsar, 23 ga wata, gari ya waye tas, jiragen C-47 guda 241 suka zo suka zubo kaya, lemomi kala-kala suna sauka a kan dusar ƙanƙara sojoji na gudu suna jan su. Da hazon nan ya ƙara kwana biyu ko uku, ban ga yadda kalma za ta tare tanka ba.

Ita ƙaramar igwar za ta iya da tanka?

Ba don haka aka yi ta ba, kuma ta gaba ba ta cika huda manyan tankokin Jamus ba. Amma in tanka ta matso ta ba ka haƙarƙari, ko ka samu sarƙar ƙafarta, magana ta canza. Misalin da aka fi kawowa shi ne na bataliya ta 463, tsofaffin hannu ne da suka yi Sisili da Italiya da kudancin Faransa, sun iso Mourmelon 'yan kwanaki kafin harin aka haɗa su da Runduna ta 101 suka bi ayari. An kafa su a ƙauyen Hemroulle. Da asubar Kirsimeti tankokin Jamus 18 suka fasa layin yamma suka nufo gari, wasu suka biyo ta gaban igwogin, yaran suka kwantar da bakuna suka riƙa harbi ido da ido. Babu tanka ɗaya da ta koma cikin 18 ɗin nan. Wa ya kashe wacce, wannan kam tsofaffin sojojin sun yi ta musu a kai har tsufansu, masu farautar tanka su ce su ne, masu bazuka su ce su ne, 'yan 463 su ce a je a duba ramukan da ke jikin ƙarfen. Ranar 26 ga wata da yamma tankokin Runduna ta 4 ta sojojin Janar Patton suka fasa zoben ta kudu.

Akwai baƙaƙen fata a cikinsu?

A cikin bataliyoyin lema da suka yi yaƙi a Turai babu, don a lokacin sojan Amurka a rabe yake, baƙi daban farare daban. An horar da baƙaƙe 'yan lema, bataliya ta 555, amma ba a kai su fagen daga ba, a 1945 jihar Oregon aka tura su suna dira suna kashe gobarar daji. Sai dai a cikin zoben Bastogne akwai baƙaƙe masu igwa, bataliya ta 969 mai manyan bindigogi 'yan milimita 155, tare da ragowar 'yan bataliya ta 333 da Jamusawa suka tarwatsa a kwanakin farko. Sun yi harbi kafaɗa da kafaɗa da 'yan 101 har aka buɗe hanya, kuma 969 ta samu lambar yabo ta bataliya gaba ɗaya. Su 'yan 333 ɗin, mutum 11 daga cikinsu sun ɓuya a ƙauyen Wereth, sojojin SS, dakarun jam'iyyar Hitler, suka kama su ranar 17 ga Disamba suka azabtar da su suka kashe su, gawarwakin suka kwanta cikin ƙanƙara har makonni. An yi shekaru da dama ba a ko ambaton su.

Runduna ta 82 ɗin nan ita ce wadda kakanninmu suka yi yaƙin Bama a ciki?

A'a, lamba ce kawai ta zo ɗaya. Tamu Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma ce a ƙarƙashin Ingila, Japanawa suka yaƙa. Amma akwai kama a aikin, don su ma suna da ƙananan igwogin dutse da ake kwancewa, kuma a dajin da mota ba ta shiga mutane ne ke ɗaukar guntayen a ka, abinci da harsashi kuma irin wannan jirgin dai na C-47, wanda Ingilishi ke kira Dakota, shi ke jefo musu daga sama.

Yaya rayuwar yau da kullum take ga ƙaramin soja mai igwa?

Dako da haƙa. Dirar ba ta wuce minti ɗaya ba tunda ƙasa-ƙasa jiragen ke tashi, kuma mafi yawansu sau ɗaya ko biyu ko uku suka dira a duk yaƙin, sauran watannin kuwa haƙa ramin igwa ne, haƙa ramin kwana, cika buhu da ƙasa, goge bututu, sauke akwatuna, sai an gama a ce a tashi an canza wuri. A Bastogne ƙasa ta daskare har shebur ba ya shiga, ƙafafu suka riƙa ruɓewa a cikin takalmi saboda sanyi da laima, mutane na naɗe su da buhu. Kuma igwa in ta yi harbi ta tona asirin inda take, maƙiyi zai auna ya rama, ku kuma ba ku da damar gudu ku bar ta. Ga kunne, da yawa sun koma gida ba sa ji sosai.

Bayan Bastogne ina McAuliffe ya ƙare?

Patton ya maƙala masa lambar jarumta ta Distinguished Service Cross a ƙarshen Disamban, a Janairu 1945 kuma aka ba shi tasa rundunar, ta 103 ta sojan ƙasa, ya bar 'yan lema kenan. Da ita ya ratsa kudancin Jamus ya shiga Innsbruck a Ostiriya a farkon Mayu, mutanensa suka haɗu da sojojin Amurka masu tasowa daga Italiya a mashigar Brenner. Bayan yaƙi ya riƙe sashen makamai masu guba na soja, daga baya ya zama kwamandan sojojin ƙasa na Amurka a Turai a 1955 da tauraro huɗu, ya yi ritaya a 1956 ya koma aikin kamfani. Ya rasu a watan Agusta 1975, an binne shi a maƙabartar sojoji ta Arlington. A Bastogne babban dandalin tsakiyar gari sunansa yake ɗauke da shi.

Har yanzu ana diro da igwa?

Ana yi, amma an daina raba ta tara. Babbar dira ta ƙarshe a wancan yaƙin ita ce ta tsallaken kogin Rhine ranar 24 ga Maris 1945. Yanzu Runduna ta 82 na da igwa 'yar milimita 105, ana ɗaure ta a haɗe a kan faifan ƙarfe, ƙaramar lema ta fizgo ta ta ƙofar bayan jirgin C-130 ko C-17, manyan lemomi su buɗe su sauke ta, sojojin su diro a baya su kwance ɗauri. Lambar 319 ɗin nan ta tsofaffin 'yan jirgi marar inji ita ce har yau masu igwar rundunar ke amsawa.